Yadda Ake Rainon Sabon Tumbi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tumbin babban mutum yana iya ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abinci da ruwa. A tiyatar da ake kira silib, likita yana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin ya fitar da shi, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, da farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce mililita 100 zuwa 150. Idan kuwa baifas ce, 'yar jaka ake warewa a saman tumbin, girmanta bai fi ƙwai ba, a haɗe ta da ƙaramin hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Ko wacce aka yi maka, za ka farfaɗo da idon jiya, da kwaɗayin jiya, da hannun da ya saba da ƙatuwar loma, alhali mazubin ya zama na jariri. Wahalar watannin farko duk daga nan take.

Shi ya sa na kira abin raino. Jariri da nono yake farawa, sai abu mai laushi, kafin ya kai ga tauna, kuma haka za ka bi da wannan tumbin. Asibitoci sun ɗan bambanta wajen ƙidayar kwanaki, saboda haka in takardar da likitanka ya ba ka ta saɓa da abin da ke nan, takardarsa za ka bi, shi ya ga cikinka.

Mataki na farko: kwanakin asibiti

Yawanci ta 'yan ƙananan ɓuloli ake yin aikin da kyamara, a sallami mutum bayan kwana 1 zuwa 3. Sa'o'i kaɗan da farfaɗowarka nas za ta ce ka tashi ka taka. Kada ka ɗauka rashin tausayi ne. Mai jiki idan ya daɗe a kwance bayan tiyata jini kan daskare masa a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Tafiyar da allurar hana daskarewar jini da doguwar safa mai matsewa duk aiki ɗaya suke yi. In an haɗa ka da allurar zuwa gida, ka ƙarasa ta har kwanakin da aka ɗiba.

Za ka iya jin ciwo a kafaɗa ko kumburin ciki, iskar da aka hura cikin lokacin aiki ce, tafiya ke rage ta. Kafin ka fita, ka zauna da likita a kan magungunan da kake sha tun da. Na ciwon suga musamman, domin suga kan sauka tun a kwanakin farko, kafin ma jiki ya fara raguwa, kuma ci gaba da tsohon awon insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, na iya jefa mutum cikin haɗari. Haka na hawan jini.

Mataki na biyu: koyon shan ruwa

Mutane kan yi dariya idan aka ce za a koya musu shan ruwa, amma ƙarancin ruwa a jiki yana kan gaba cikin abubuwan da ke mayar da mutum asibiti a watan farko. Ana son ka kai lita 1.5 zuwa 2 a yini, ga shi kuma tumbin ba ya karɓar kwankwaɗa. Dabarar ita ce kurɓa. Ka riƙe gorar ruwa mai alamar awo a jikinta, ka kurɓi ɗan kaɗan, ka dakata, ka sake, tun daga tashinka har kwanciya. Wanda ya jira sai ƙishirwa ta kama shi ya makara, don ba shi da wurin da zai rama abin da ya wuce.

Fitsari ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi duhu kuma ya ragu, ga jiri da bushewar baki da ciwon kai, ruwa ya yi kaɗan. Wasu za su ga ruwan sanyi yana murɗa musu ciki, mai ɗumi ya fi shiga, wasu kuma akasin haka. Gwada ka gani. Lemo mai gas a ajiye shi gefe, yana cika ɗan wurin da iska ya bar ka da azaba. Zuƙa da bututu ma yakan shigar da iska. Gahawa da shayi mai ƙarfi a jinkirta su na 'yan makonni.

Mataki na uku: hawa matakalar abinci

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Tumbin nan ɗinke yake da layin ƙananan ƙusoshin tiyata, ga kumburi, kuma yana bukatar makonni kafin ya warke sosai. Loma mai tauri a wannan lokaci tana iya jawo amai, amai kuma matsi ne a kan ɗinki.

Kwana ɗaya ko biyu na farko, ruwa tsantsa ne da tataccen romo marar mai. Daga nan har cikar mako biyu, abin sha mai ɗan kauri: madara marar maiƙo, yogot marar suga, tatacciyar miya, da garin furotin, wato sinadarin gina jiki, da ake damawa. Ma'aunin mai sauƙi ne, duk abin da ba zai bi ta rariya ba, lokacinsa bai yi ba.

Mako na 3 da na 4, markaɗaɗɗen abinci. Ka dafa kifi ko naman kaza ko wake su yi lugub, ka zuba romo ka markaɗa har ya koma kamar abincin yaye, babu gudaji ko ɗaya. Cokali 2 zuwa 4 na cin abinci na iya ƙosar da kai, kada ka yi mamaki. Ka ci sau huɗu zuwa shida a yini maimakon ka nemi cika faranti.

Mako na 5 da na 6, wasu asibitocin har na 8, abinci mai laushi wanda cokali mai yatsu zai murƙushe ba wahala: dafaffen ƙwai mai taushi, kifi, niƙaƙƙen nama a cikin miya, kayan lambu da suka dahu sosai, 'ya'yan itace masu laushi da aka ɓare. Bayan nan ne za ka fara komawa abincin yau da kullum, shi ma ɗaya bayan ɗaya. Sabon abu ɗaya a kowace rana, don in ciki ya ƙi, ka san mai laifi.

Akwai 'yan tawaye da suka saba ba mutane wahala har tsawon watanni: sabon burodi mai laushi, shinkafa, taliya, busasshen nama ko gasasshe mai tauri, ɓawon 'ya'yan itace, da ganye mai zare-zare. Burodi da shinkafa sukan cure su zama dunƙule su tsaya a ƙirji. In wani abu ya ƙi ka yau, ba shi ke nan har abada ba, bar shi mako biyu ko uku ka sake gwadawa. In kuwa sabon mataki gaba ɗaya ya gagara, koma na bayansa na kwana biyu. Ba faɗuwa ba ce.

Mataki na huɗu: yadda ake zaman cin abinci

Wannan shi ne zai bi ka har ƙarshen rayuwa, don haka bari in daɗe a kansa.

Ka nemi ƙaramin faranti da ƙaramin cokali. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, to a nan idon bai san kimar ba tukuna, tsohon awo yake riƙe da shi. Ka auna abincin da cokali ko kofin awo har sai idon ya koyi sabon karatu.

Ka zauna, ka kashe talabijin, ka ajiye waya. Loma kada ta wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu. Ka tauna sau 20 zuwa 30 har ta narke a baki, ka haɗiye, ka ajiye cokali, ka ɗan jira. Ana son zaman ya ɗauki minti 20 zuwa 30. In lokacin ya cika da saura a faranti, ka ɗauke shi. Zama a kan abinci sa'a guda ana tsakura hanya ce ta cin fiye da ƙima ba tare da an sani ba.

Ƙoshi ma ya canja kama. Da, sai ciki ya yi nauyi kake sanin ka ƙoshi. Yanzu alamar tana zuwa a matsayin ɗan matsi a ƙasan ƙirji, ko gyatsa, ko shaƙuwa, wasu ma hancinsu ne ke fara yoyo ko su yi atishawa. Da ka ji alamarka, tsaya. Tsakanin ƙoshi da amai loma ɗaya ce tak, kuma kusan kowa sai ya ci wannan lomar sau ɗaya kafin ya yarda.

Kada ka haɗa ci da sha. Ka daina shan ruwa kamar minti 30 kafin abinci, ka kuma jira minti 30 bayansa. Ruwa yana cinye wurin abinci, ko kuma ya wanke shi ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo. A ganina wannan ce dokar da ta fi wuyar sabo, domin tun muna yara da kofi a gefe muke ci. Maganinta kada ka kawo kofin wurin cin abinci sam.

Sai tsarin abin da ke shiga. Wurin kaɗan ne, wanda ya riga shiga shi ya samu. Saboda haka furotin ne farko, kayan lambu na biye, mai sitaci a ƙarshe in da sauran wuri. Ana neman giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, wasu fiye da haka bisa shawarar masanin abinci. Don ka iya lissafi: ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara na mililita 250 kamar giram 8, giram 100 na dafaffen kifi kamar 20, na tsokar kaza kuwa kusan 30. Ka ga ke nan a makonnin farko da wuya ka cike adadin da abinci kaɗai, shi ya sa ake ba da garin furotin. Jiki idan bai sami furotin ba yayin da yake zubewa, tsokarsa yake ci tare da kitsen, mutum ya rame kuma ya rasa ƙarfi, ciwon ma ya ƙi warkewa da wuri.

Zaƙi da maiƙo suna da nasu hukuncin, musamman ga mai baifas. Likitoci na kiransa damfin, wato abinci ya zubo cikin hanji farat ɗaya. Minti 10 zuwa 30 bayan shan abu mai suga sai zufa ta karyo, zuciya ta hau bugawa, ga murɗar ciki, tashin zuciya da gudawa. Akwai kuma mai zuwa a makare, bayan sa'a 1 zuwa 3, lokacin da jiki ya saki insulin da yawa suga ya faɗi, sai karkarwa da jiri da ruɗewa. Na farkon, kwanciya na ɗan lokaci kan wadatar. Na biyun idan yana maimaituwa a kai wa likita magana. Amma fa kada wanda ba ya samun damfin ya ce ya tsira: askirim, cakulan, biskit da lemon zaƙi suna sulalewa ta ƙaramin tumbi ba tare da sun cika shi ba, kuma ta nan ƙiba ke lallaɓowa ta dawo.

Mataki na biyar: bitamin da magunguna

Abincin ya ragu, ruwan tsamin tumbi ya ragu, a baifas kuma an tsallake sashen hanjin da ya fi tsotsar sinadarin ayan mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Don haka ƙwayoyin bitamin ba na wata shida ba ne, na har abada ne. Abin da aka saba bayarwa shi ne cikakken haɗin bitamin da ma'adanai kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a yini, a raba shi kashi biyu ko uku tunda jiki ba ya tsotsar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci ɗaya, bitamin D, bitamin B12, ko ƙwaya kullum ko allura duk wata uku, da ayan, musamman ga mace mai jinin al'ada. A raba ayan da kalsiyam da tazarar sa'a 2, don suna hana juna shiga jini.

Matsalar ƙarancin waɗannan abubuwa ita ce ba ta da hayaniya. Mutum zai daina sha, ya yi shekara yana jin garau, ya ce ai dama ba su da amfani. Ajiyar B12 da ke hanta kan daɗe kafin ta ƙare. Ranar da ƙafa ta fara dindiris ko jini ya yi ƙasa ko ƙashi ya yi rauni, ɓarnar ta riga ta yi nisa, ta jijiya kuma ba kullum take gyaruwa ba. Gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara, shi ke kama ta da wuri. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa ba ta wuce 'yan makonni, don haka mai yawan amai kwana da kwanaki yana bukatar a duba shi da gaggawa, ƙarancinsa na taɓa ƙwaƙwalwa.

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, diklofenak da asfirin suna iya haddasa gyambon ciki a bakin ɗinki, a guje su sai da izinin likita. Farasitamol shi aka fi bari. Taba ma tana jawo wannan gyambon, tana kuma hana ciwo warkewa. Yawanci za a ba ka maganin rage tsamin ciki irin omefrazol na wasu watanni. Manyan ƙwayoyi da waɗanda aka yi don su narke a hankali, a tambayi mai harhaɗa magani kafin a fasa ko a daka su. Giya kuwa bayan wannan aiki tana shiga jini da sauri ƙwarai, kuma haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa.

Alamomin da ba a kwana da su

Bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, zazzaɓi na digiri 38 ko fiye, ciwon ciki mai tsanani da ke ƙaruwa, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ruwa ya ƙi zama a ciki yini guda, ko wurin yanka ya yi ja yana fitar da mugunya. Kowanne daga cikinsu, asibiti nan take, kuma ka faɗi irin tiyatar da aka yi maka da ranar da aka yi ta. Bugun zuciyar nan kada a raina shi, sau da yawa shi ne ke fara nuna ɗinki yana yoyo. Mai baifas kuma ko bayan shekaru ne ya ji matsanancin ciwon ciki, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, hanji na iya sarƙewa.

Mataki na shida: motsa jiki da komawa aiki

Tafiya tun ranar farko, minti biyar-biyar sau da yawa, ana ƙarawa. Kada ka ɗaga abin da ya fi kilo 5 har mako 4 zuwa 6. Mai aikin zama kan koma bayan mako 2 zuwa 4, mai aikin ƙarfi ya fi haka. Tuƙi sai ka daina shan maganin ciwo mai sa barci kuma za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ciwo ba. Da likita ya sake ka, ka nufi minti 150 na motsa jiki a mako, ka haɗa da ɗaga ɗan nauyi sau biyu don tsoka ta tsaya.

Abin da watanni za su kawo

Wajen mako na uku sikeli kan tsaya cak, kwanaki ba ya motsi. Kusan kowa na gamuwa da wannan, kuma kusan kowa sai ya tsorata ya ce aikin bai yi ba. Jiki ne ke daidaita ruwansa. Hawa sikeli sau ɗaya a mako ya isa, ka riƙa auna ƙugu ma, don wani lokaci wando ke ba da labari kafin sikeli. Raguwar ta fi sauri a wata shida na farko, ta lafa tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma yawancin mutane kan sauke kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu. Ɗan ƙari bayan shekara biyu abu ne sananne. Wanda ke hawa ba tsayawa shi ne abin kai wa asibiti, da wuri, ba tare da jin kunya ba.

Tsakanin wata na 3 da na 6 gashi kan zube. Yana tayar da hankali, amma yana dawowa; furotin da bitamin ne abin riƙewa. Taurin bayan gida ma ya zama ruwan dare saboda ƙarancin abinci da ƙwayar ayan, ruwa da tafiya da maganin da likita ya yarda da shi ke sassauta shi. Za ka riƙa jin sanyi fiye da da. Saurin ramewa na iya haifar da tsakuwa a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin rigakafi na wata shida. Ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo alamarta ce. Mai silib ya lura da ƙwannafi, kada ya kwanta sai bayan sa'a 2 zuwa 3 da cin abinci. Fatar da ta saki a riƙa wanke lunguna ana busarwa don gudun ƙuraje, maganar yanke ta kuwa sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya.

'Yar'uwa, ke kuma ga naki na musamman. Haihuwa kan buɗe da zarar jiki ya fara sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema. Ana son ki jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, lokacin da jikin ke zubewa ba lokacin rainon ciki ba ne. Bayan baifas ƙwayar tsarin iyali ta sha ba abin dogaro ba ce, don hanji ba ya tsotse ta yadda ya kamata, ki tambayi likita wata hanyar. In cikin ya zo, ki sanar da masu awo tiyatar da aka yi miki tun zuwan farko.

Saura yunwar da wuƙa ba ta kai gare ta ba. A silib an cire sashen tumbin da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka watanni za ka yi ba ka jin ta sosai. Amma wanda ya saba in ransa ya ɓaci ya nufi kicin, ƙafarsa ba ta manta hanya ba. Kafin ka buɗe firji ka tambayi kanka: da dafaffen ƙwai ne kaɗai a ciki, zan ci? In amsar a'a ce, ba tumbi ke kira ba. Wasu kan shiga ƙunci a watannin farko, kamar an raba su da aboki, wasu su mayar da jarabar kan sayayya ko wani abu daban. In baƙin cikin ya wuce mako biyu yana hana ka barci ko aiki, ka gaya wa likita kamar yadda za ka gaya masa zazzaɓi.

Mutane ma za su yi magana. Wani zai ce ka bi gajeriyar hanya, wani ya ce ka rame da yawa ko lafiya, mai masauki kuma ya ga cokali huɗun da ka ci ya ɗauka girkinsa ka raina. Ba dole ne ka ba kowa labarin cikinka ba. Tun kafin ka je taro ka shirya amsa gajeriya, irin su "na ƙoshi, likita ne ya tsara min ci", ka zuba wa kanka da hannunka, ka fara da naman ko kifin, ka bar kofin ruwa sai an tashi. Mutanen gida kuwa a zaunar da su tun kafin a dawo daga asibiti, a nuna musu ƙaramin farantin da cokalin, don mai cewa "ƙara ko loma ɗaya mana" ya san abin da lomar nan ɗaya take jawowa.